Ku Tambayi Malamai: Waliyyai Mayaƙa da Neman Ƙarfin Zuciya

Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi: bayin Allah da suka haɗa carbi da takobi, da yadda mutum zai sami irin ƙarfin zuciyarsu. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum malamai. A makaranta an koya mana Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a matsayin jagoran yaƙi, a gida kuma kakata waliyyi take kiransa. Yaya mutum ɗaya zai zama duka biyun? Kuma ina ya samo ƙarfin da ya tunkari Sarkin Gobir? (Wani ɗalibi daga Gusau)

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗanmu. Lissafin shekaru kaɗai zai warware maka rabin tambayar. An haifi Shehu a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya fara wa'azi a Degel yana ɗan shekara 20. Hijira zuwa Gudu ba ta zo ba sai Fabrairun 1804, yana dab da cika 50. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Ka ga ke nan shekara 30 ya yi yana karantarwa, yana yawon wa'azi a Gobir da Kabi da Zamfara, kafin a zare takobi ko guda. Bayan an ci Alƙalawa ma bai zauna a karagar mulki ba. Ya koma Sifawa ya ci gaba da darasi da rubutu, a 1812 ya raba gudanar da ƙasa tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello, ya rasu a Sakkwato a 1817. Rundunar kuwa su Abdullahi da Bello da Aliyu Jedo ne suke jan ta a fagen fama.

In kana son ka ga ƙarfin nasa tun kafin a yi zancen yaƙi, dubi abin da ya faru a Magami wajen 1788. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Babbar Salla yana raba musu dukiya. Shehu ya ce shi da jama'arsa ba su da bukatar zinariyar. Abu biyar ya roƙa a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a mutunta duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Malamin da ya karɓi zinariya a ranar ba zai iya buɗe baki ya nemi waɗannan ba. Rashin kwaɗayin abin hannun sarki shi ne makamin Shehu na farko, kuma ba a dare ɗaya ya same shi ba: ya zauna gaban malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya riƙi wuridin Ƙadiriyya, ya hori kansa da zuhudu. Shi da kansa ya rubuta cewa da ya haura shekara 40 ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani cikin wani gani na ruhi ya ɗaura masa takobin gaskiya. Amma lura, bayan wannan gani sai da aka ƙara kusan shekara 10 yana wa'azi. Sarkin Gobir Nafata ya hana rawani da lulluɓi da wa'azin almajiran Shehu, Shehu bai tayar ba. Sai da magajin Nafata, Yunfa, ya afka wa mabiyan Shehu na Gimbana, zama kuma ya gagara, sannan aka yi hijira.

Akwai ɓangaren da masu ba da labari ke tsallakewa, mu kuwa muna ganin shi ya fi cancanta a koya wa matasa. Bayan nasarar Tabkin Kwatto a Yunin 1804, an sha kashi mai tsanani a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda aka rubuta cewa mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 suka kwanta dama. An sake shan wuya a Alwasa a 1805, ga yunwa, ga cuta. Mafi ciwo kuma, nasarar da kanta ta fara ɓata mutane. A 1807 Abdullahi ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki, saboda ya ga da yawa cikin jama'ar sun juya ga neman muƙami da dawaki da tufafi da ƙwaraƙwarai. Kanawa ne suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya koma. Daga Barno kuma Shehu Laminu Alkanemi ya rubuto yana tuhumar halaccin yaƙar mutanen da ke salla da azumi, Bello bai ɓoye wasiƙun ba, ya sa su cikin littafinsa na tarihi tare da amsoshinsu. Haka Alhaji Umaru Futi, babban shehin Tijjaniyya da ya zauna shekaru a Sakkwato har ya auri 'yar Bello, yaƙinsa da daular Musulmi ta Hamdullahi a 1862 har yau malamai na ce-ce-ku-ce a kansa. Waɗannan mutane suna tsoron jini, suna tuhumar kansu a kansa. Kakarka ta yi gaskiya, malaminku na tarihi ma ya yi gaskiya, sai dai wanda kakarka ta sani shi ya rayu shekara 63, na littafin makaranta kuwa shekaru kaɗan ne daga ciki.

TAMBAYA: Na karanta tarihin waɗannan bayin Allah sai na ɗauki niyya: tsayuwar dare awa 2, azumi kwana bayan kwana, izu 5 kullum. Mako 2 na yi na karye, yanzu ko Asuba da ƙyar nake samu cikin jam'i. Ni ma'aikaci ne, ina da iyali. Ku tsara mini abin da zan iya. (Wani magidanci daga Damagaram)

AMSA: Malam, abin da ya same ka ba raunin imani ba ne, kuskuren awo ne, kuma tun zamanin sahabbai ake yin sa. Abdullahi ɗan Amr ɗan As ya ɗauki azumin kullum da saukar Alƙur'ani kowane dare, Annabi (SAW) ya dawo da shi kan kwana 3 a wata da sauka ɗaya a wata, ya ce masa jikinsa da idonsa da iyalinsa duk suna da haƙƙi a kansa. Abdullahi ya nace sai an ƙara masa, da ya tsufa kuwa ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin. Nana Zainab ta ɗaura igiya a masallaci don ta riƙe in ta gaji da tsayuwa, Annabi ya sa aka kwance, ya ce mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna.

Watan farko kada ka ƙara komai a kan farilla sai abu biyu: Asuba cikin jam'i, da shafa'i da wutiri kafin ka kwanta. Gyaran Asuba daga dare yake farawa. Ka kwanta kafin ƙarfe 10, waya ta kwana nesa da shimfiɗa, shayi mai kauri da goro su tsaya daga La'asar, tuwon dare kuma kada ya kai ka ga nishi. Ma'aunin hadisi sananne ne: kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. In wurin aikinku da hali, ka yi ƙailula ta minti 20 bayan Azahar. Wanda ya wuce awa guda yana barcin rana, daren ne zai biya.

In wata ya cika Asuba ba ta kuɓuce maka ba, sai ka shiga tsayuwar dare da raka'a 2 kacal, minti 20 ko 30 kafin kiran Assalatu. Ga yadda ake gane sulusin dare na ƙarshe: a ƙirga daga faɗuwar rana zuwa ketowar alfijir, a raba uku. Idan Magariba 6:30 ce, alfijir kuma 5:00, daren awa 10 da rabi ne, kowane kashi awa 3 da rabi, sulusin ƙarshe ya fara 1:30 ke nan. Ba dole ka tashi a farkonsa ba, wanda ya tashi 4:30 yana ciki. Idan ka tabbata za ka farka, ka jinkirta wutiri zuwa lokacin. Idan kana shakka, ka yi shi kafin barci, in ka tashi ka yi nafilarka bibbiyu ba tare da maimaita shi ba, don babu wutiri biyu a dare ɗaya. Duk wata ka ƙara raka'a 2 in jiki ya ɗauka. Nana A'isha ta ce Annabi ba ya wuce 11, a Ramadan ko a waninsa, to babu inda kake gaggawar zuwa. Ranar da gyangyaɗi ya rinjaye ka har ba ka san abin da kake karantawa ba, umarnin hadisi shi ne ka kwanta.

Karatu: izu 1 a rana sauka ce cikin wata 2, izu 2 sauka cikin wata 1. Fara da izu 1, rabi bayan Asuba, rabi bayan Magariba. Zikiri: tasbihi 33, hamdala 33, kabbara 33 bayan kowace farilla, a cika 100 da kalmar tauhidi; istigfari 100 a yini; "La ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu" zuwa ƙarshenta sau 100; salatin Annabi gwargwadon iko. In kai ɗan ɗariƙa ne wuridinka ya riga ya ƙayyade maka adadi. Lazimin Tijjaniyya, alal misali, istigfari 100 ne, salati 100, hailala 100, safe da yamma, ban da wazifa da zikirin Juma'a. Ka tsare wannan tukuna, kada ka jibga wasu dubbai a kansa ba da sanin wanda ya ba ka ba. Azumi: kwana 3 a wata. Mutane sun fi sanin 13, 14 da 15, amma a Malikiyya ba a matsa sai su ba, kowane uku sun wadatar. Bayan wata 3 kana iya komawa Litinin da Alhamis. Mai ciwon suga ko gyambon ciki ya ga likita kafin ya fara.

Abu na ƙarshe shi mutane suka fi bari, alhali shi ne gishirin sauran. Imam Gazali ya tsara shi: da safe ka gindaya wa ranka sharaɗi, da rana ka sa masa ido, da dare ka yi masa hisabi. Zaɓi aibi ɗaya tak, misali gulma a ofis ko daka wa yara tsawa. Kafin barci ka ɗauki minti 5 ka rubuta sau nawa ka faɗa, da abin da ya jawo. Cikin mako 2 za ka ga aibin yana da lokacinsa da mutanensa, watakila yunwar kafin Azahar ce, watakila wata majalisa ce. Kada ka koma kan aibi na biyu sai na farko ya yi sanyi. In kuma akwai kuɗin wani a hannunka, ka tuna abin da ka karanta a farkon Ahalari: mayar da haƙƙi ga masu shi yana cikin abin da tuba ke bukata. Mutane da yawa na kukan ba sa jin daɗin ibada, matsalar kuwa tana cikin aljihunsu.

TAMBAYA: Hadisin da ke cewa "mun dawo daga ƙaramin jihadi zuwa babba" ya inganta? (Wani mai karatu daga Agege, Legas)

AMSA: Da wannan lafazi malaman hadisi sun raunana shi, Ibn Hajar ma ya ce maganar wani magabaci ce mai suna Ibrahim ɗan Abi Abla. Amma ma'anar ba ta dogara da shi ba. Tirmizi ya ruwaito cewa mujahidi shi ne wanda ya yaƙi ransa, Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Muslim ya kawo hadisin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda aka kashe a fagen fama, amma ya yi yaƙin ne don a ce jarumi ne. Ka kafa hujja da waɗannan, sun ishe ka.

TAMBAYA: Duk labaran nan na maza ne. Ni ina da 'ya'ya huɗu, ga goyo, ga sana'ar ƙosai da ke tashe ni tun kafin Asuba. Mace irina tana da rabo a wannan hanya? (Wata uwa daga Zangon Kumasi)

AMSA: 'Yar'uwa, kina da rabo, kuma abin da za mu ba ki asalinsa mace aka fara bai wa. Nana Faɗimatu ta je wurin mahaifinta (SAW) tana neman mai taya ta aiki, hannuwanta sun yi kanta saboda niƙa. Ya ce da ita da Sayyidina Ali in za su kwanta su yi tasbihi 33, hamdala 33, kabbara 34, ya ce wannan ya fi musu mai hidima. Ali ya ce bai taɓa barinsa ba, aka tambaye shi ko a daren yaƙin Siffin, ya ce ko a daren Siffin. Zikirin da jarumin sahabbai ya riƙe a sansani, saboda gajiyar aikin gida ta matarsa aka koyar da shi. Ba ya cin minti 3.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, tana 'yar shekara 11 aka yi hijira, ta tashi cikin ƙaura da yunwa da rashin dangi. Da ta girma ta ga matan karkara ba su da hanyar karatu, sai ta kafa 'Yantaru. Kowane ƙauye da jajinsa, dattijuwar da Nana ke naɗawa da malfa da jan rawani. Jaji ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata su zo su haddace waƙoƙin wa'azi da Hausa da Fulatanci, su koma su koya wa matan aure irinki da ba su da halin barin gida. An tsara abin ne don mai goyo, mai daka, mai dahuwa.

A aikace: zikirin safe ki yi shi a bakin kasko, ba ya bukatar alwala. Tunda dama kina tashi kafin alfijir, raka'a 2 kafin ki hura wuta sun sa ki cikin masu tsayuwar dare. Azumin nafila ki bar shi sai kin yaye, in kuma za ki yi, da sanin maigida in yana gari. Kwanakin al'ada ba sa hana zikiri da addu'a da salati, a Malikiyya ma mai haila na iya karanta Alƙur'ani da ka, ɗaliba da malama kuma an ba su damar riƙe allo ko mushafi don karatu. Mata da yawa a nan wuridinsu ke yankewa, su yi mako guda ba su ambaci komai ba, sai komawar ta yi nauyi.

TAMBAYA: An haɗa ni da wani malami da aka ce ya gaji sirrin mayaƙan da. Ya ce in kawo kuɗi da baƙin bunsuru zai ba ni laƙanin da harsashi ba ya ratsawa, amma kada in gaya wa iyayena. Yaya ake gane shehin gaskiya? (Wani matashi daga Birnin Gwari)

AMSA: Ɗanmu, kada ka koma wurinsa, kuma yau ɗin nan ka gaya wa mahaifinka. A Uhudu Annabi (SAW) sulke biyu ya saka, duk da haka an fasa masa fuska, haƙorinsa ya karye. Umar Mukhtar, malamin Sanusiyya da ya yi shekara 20 yana gwagwarmaya da Italiya a Libiya, an harbe dokinsa, an ji masa rauni, an kama shi, an rataye shi a Suluƙ ranar 16 ga Satumba 1931. Imam Shamil na Naƙshabandiyya ya yi shekara 25 yana fafatawa da Rasha a duwatsun Dagistan, jikinsa duk tabo, a 1859 ya miƙa wuya. In da akwai layar da ke mayar da harsashi ruwa, ai waɗannan sun fi kowa cancantar samunta. Gwajin irin wannan magani ya sha aika samari lahira, mai maganin kuma kullum yana da amsa: an karya sharaɗi.

Shehu Usmanu ya yi rubutu mai zafi a kan malaman duba da bugun ƙasa. Da mutane suka fara yaɗa cewa yana tashi sama, yana tafiya a kan ruwa, ana naɗe masa ƙasa, ko shi ne Mahadi, ya ɗauki alƙalami ya ce bai taɓa da'awar waɗannan ba. Tun kafinsa Abu Yazid Bisɗami ya ce ko kun ga mutum yana tashi a iska kada ku ruɗu da shi sai kun ga yadda yake da umarni da hani da iyakokin shari'a. Junaidu kuma ya ce ilminsu ɗaure yake da Littafi da Sunna.

Kafin ka miƙa hannu ga kowa, ka ba shi wata 6 kana kallo daga nesa. Ka tambayi wa ya karantar da shi, wa ya ba shi izini, sannan ka je ka tabbatar daga almajiran wancan malamin, don salsalar da ba a iya bin diddiginta ba salsala ba ce. Ka ga ko ana ganinsa a sahun Asuba. Ka tambayi maƙwabtansa da masu bin sa bashi, ba masu yi masa kirari ba. Ka dubi almajiransa da suka daɗe: suna da sana'a, suna riƙe da iyalansu, sun iya alwala da hukuncin ƙabli da ba'adi? Ka yi masa tambayar fiƙihu ka ga ko bakinsa na iya furta "ban sani ba". Hadiya da almajiri ya kai don ransa daban take da farashin da aka yanka wa asiri. Wanda ke keɓewa da matan mutane da sunan addu'a, ko ya ce an ɗauke masa salla, ko ya sa a yi yanka ba da sunan Allah ba, ko a rubuta aya da jini, ko ya raba ka da iyayenka da sauran malamai, ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ka tashi. Wani mutum ya zo neman izinin fita yaƙi, Annabi ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce e, ya ce to a kansu za ka yi jihadinka. Malamin da sharaɗinsa na farko shi ne ɓoye wa iyaye, ya saɓa wa wannan tun daga ƙofa.

TAMBAYA: 'Yan bindiga sun kashe yayana a gona, sun bar mana marayu biyar. Ba na iya barci. Abokaina na cewa mu afka wa rugar da ke kusa da mu, wai haka magabata suka yi wa azzalumai. Zuciyata na tafasa. Me zan yi? (Wani manomi daga jihar Zamfara)

AMSA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan yayanka, ya karɓi shahadarsa, ya raya abin da ya bari. Tafasar zuciyarka ba laifi ba ce. Annabi ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Da Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza, ya zo ya musulunta, Annabi ya karɓi musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Ba a ɗora maka ka daina jin ciwo ba. Abin da aka ɗora maka shi ne hannunka.

Kare kai da iyali da dukiya lokacin da aka kawo hari halal ne, wanda aka kashe a kan haka shahidi ne. Tsaron gari ƙarƙashin hukuma da sanin hakimi da jami'an tsaro shi ma yana da gurbinsa. Amma tafiya rugar da ba ka da shaidar ita ta yi kisan, a kashe wanda aka samu saboda yarensa ko kamanninsa, wannan kisan kai ne, ko me aka kira shi. Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. A Suratul Isra'i, ayar da ta ba waliyyin wanda aka kashe haƙƙi ita ce ta hana shi wuce iyaka a kisa. A Ma'ida an ce ƙin wasu mutane kada ya sa ku bar adalci. Ƙisasi kuma alƙali ke yanke shi bayan shaida, ba dangi ba. Usama ɗan Zaid ya kashe mutum a tsakiyar yaƙi bayan ya furta kalmar shahada, ya ce tsoron takobi ne ya sa shi, Annabi ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani, ya yi ta maimaita masa har Usama ya yi burin a ce ranar ya fara musulunta.

Tunda abokanka magabata suke ambato, ga ɗaya. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, ɗan shehin Ƙadiriyya, an yi masa mubaya'a a 1832 yana ɗan shekara 24, ya yaƙi Faransa shekara 15. An ƙone wa mutanensa gonaki, an karkashe su. Da ya ajiye makami a 1847 an yi masa alkawarin barinsa ya tafi gabas, aka saɓa, aka tsare shi a Faransa har 1852. A Yulin 1860 yana zaune a Dimashƙ ta ƙasar Sham tarzoma ta ɓarke, aka shiga karkashe Kiristocin birnin. Shi da mutanensa Aljeriyawa suka fita da makamai suna kwaso su zuwa gidansa da sansanin tsaron birnin, har da jakadun Turai, dubban rayuka suka tsira. Masu tarzoma suka taru a ƙofarsa suna neman a miƙo su, ya ƙi. Imam Shamil, yana tsare a Rasha, ya rubuto masa yana yaba masa. Abdulƙadir, mutumin da ya fi kowa dalilin ramuwa, bai ɗora laifin sojan Faransa a kan wanda bai yi masa komai ba. Ahmadu Bamba na Senegal kuwa an kore shi zuwa Gabon daga 1895 zuwa 1902, bai yarda almajiransa su ɗauki makami ba, ɗariƙarsa ta Muridiyya kuma ga ta nan har yau.

A kwanakin nan kada ka kwana da makami a ɗakinka, ka ba wani dattijo ajiya. Ka daina zama majalisar da ake wannan shawara, kuma ka sanar da liman ko mai gari abin da ake kitsawa, domin in aka kai harin, ramuwar a kan garinku da marayun nan za ta sauka. In fushin ya taso ka nemi tsari daga Shaiɗan, ka yi shiru, in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa, ka yi alwala. Ka kai rahoton kisan ga hukuma a rubuce, da sunayen shaidu. Sannan ka tsaya a raba gado bisa shari'a, a rubuta kason kowane yaro, a san wa zai noma gonar yayanka bana, a tabbatar matarsa na da abinci har ta fita takaba, wata 4 da kwana 10, ko haihuwa in tana da ciki. In rashin barcin ya wuce wata guda, ko kana ta ganin abin yana dawo maka, ka je asibiti, akwai taimakon da ake bayarwa.

TAMBAYA: Ƙanena ya shiga halwa shi kaɗai, ya ce kwana 40 zai yi. Yau kwana 12, ba ya barci, ba ya cin abinci sai dabino, yana cewa ana yi masa magana an ba shi runduna. Buɗi ne ko ciwo? (Wata baiwar Allah daga Zariya)

AMSA: Hajiya, ku fito da shi yau, kada ku jira kwana 40. Malaman da suka tsara halwa sun sa mata sharuɗɗa: izinin shehi masani da ke duba almajirin yana jin abin da yake gani, rage abinci sannu a hankali, barci gwargwadon bukata, da fita sallar jam'i da Juma'a. Sun kuma yi gargaɗi cewa wanda ya shiga don neman karama ko sarauta, abin da zai gani ruɗi ne. Ƙanenki bai cika ko ɗaya ba. Kwanaki a jere babu barci suna sa mai cikakkiyar lafiya ma ya ji muryoyi, ga wanda kuma ke da ciwon ƙwaƙwalwa a kwance, su ke tayar da shi.

A samu mutum biyu da yake jin nauyinsu su shiga da lallashi. Kada a yi masa gardama a kan abin da yake ji, kada kuma a gaskata masa. A kawar da wuƙa da igiya da magunguna daga ɗakin. A fara ba shi ruwa da kunu ko koko kaɗan-kaɗan, kada a cika masa ciki lokaci guda. A bincika a hankali ko yana shan wani abu, ƙwaya ko wiwi, don likita zai tambaya. A kai shi sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa da ke Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna cikin kwana ɗaya ko biyu. In akwai zazzaɓi mai zafi, ko sanƙarewar wuya, ko farfaɗiya, ko yana zancen cutar da kansa ko wani, to a tafi sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne. Ruƙiyya da Fatiha da Falaƙi da Nasi ba ta hana magani, ana haɗa su. Amma ban da duka, ban da mari da sarƙa, ban da turara masa barkono. In likita ya ɗora shi kan magani, kada a yanke don an ga ya warware, sai likitan ne ya ce a rage, kuma wuridin da zai koma a farko kada ya wuce zikirin bayan salla.